Tumbin da Na Ɗinka wa Yaya Muntari

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana Muntari, wanda yawancin mutanen Kano ba su san shi da wannan suna ba, sai dai Alhaji Randa, sunan da yake fitowa da shi a wasan kwaikwayo. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, abin da na saba yi shi ne in soya waina in raba sadaka, in shige ɗaki in sha kukana, in fito in ci gaba da harkokina. Bana kuwa abin ya sha bamban. Ina wannan rubutu bakina ya ƙi rufuwa. Gidana na Gwale cike yake da mata, hayaƙin itacen dafa ruwan wanka ya turnuƙe tsakar gida, ana ta shewa, domin Zulai, 'yar Yaya tilo, ta sauka lafiya. An samu namiji, ranar Juma'ar da ta wuce kuma aka raɗa masa sunan kakansa. Muntari ya dawo, jama'a! Idan kuka ga alƙalamina yana tsalle daga nan zuwa can ku yi min uzuri, murna ce ta yi min yawa.

Sai dai ba haihuwar kaɗai ce ta sa ni rubutu ba. Akwai wani abu da na ɓoye a ƙasan akwatin zannuwana tun ranar jana'izar Yaya. A 'yan kwanakin nan ya fito fili, mai haƙƙi a kansa kuma ta ce in ba da labarinsa a jarida kowa ya ji. Tumbi ne na auduga, ni na ɗinka shi da hannuna.

Bari in ɗauko daga tushe. Mu 'yan Madabo ne, jikokin Larabawan nan da fatauci ya kawo su birni suka zauna. Mazan gidanmu turare suke sayarwa, matan kuma alkaki da gurasa, don haka duk wanda ya tashi a gidan bai san wani abu wai shi ramewa ba. Yaya kuwa tun daga haihuwa ƙato ne. Innarmu ba ta gajiya da ba da labarin yadda ungozoma ta ɗaga shi ta ce wannan ai ya yi wata biyu a duniya. A lokacin ƙiba abin yabo ce. Amarya idan ta yi 'yan watanni ba ta murje ba, sai danginta sun bincika ko mijin yana barin ta da yunwa. Magidanci kuma idan ya ajiye tumbi sai a ce masha Allah, kasuwa ta karɓe shi. Yaya ya ɗauki jikinsa da fara'a. Ga shi da nauyi amma ƙafarsa ba nauyi, idan ana kiɗa a wurin biki sai ka rantse ba ya taka ƙasa.

Ya fara wasa ne a ƙungiyar samarin unguwa, daga nan aka ja shi gidan talabijin, da zamanin kaset na bidiyo ya zo kuma ya faɗa ciki tsundum. Alhaji Randa da ya ƙirƙira attajiri ne marowaci mai cika baki, kuma da farko rowar ce abin dariyar. Akwai wasan da har gobe idan na tuna sai na dara. Yana tsakiyar cin kaza baƙo ya yi sallama, ya yi wuf ya kife kwanon da hularsa, ya ce wa baƙon azumin nafila yake yi, alhali maiƙo yana ɗiga daga haɓarsa. Baƙon ya gyara zama, ya ce to zai jira su yi buɗa-baki tare. Ranar da aka nuna wannan wasa, a lungunmu babu gidan da ba a ji ihun dariya ba.

Kujera ce ta ɓata lamarin. Wata rana ana cikin ɗauka, kujerar da ya zauna a kai ta karye da gaske, ya yi zaman 'yan bori a ƙasa, har sai da ya yi kwanaki yana ɗingishi. Darakta ya ƙi yanke wurin, 'yan kallo kuwa suka yi dariyar da ba su taɓa yi ba. Tun daga nan kafin a fara ɗauka sai an kira kafinta ya ci rabin ƙafar kujera da zarto. Sai kuma aka ƙaro ƙofar da zai maƙale a ciki, da ɗan acaɓan da tayarsa za ta fashe, da mai tuwon da za ta rufe tukunya ta gudu idan ta hango shi. Rowar da cika bakin duk aka manta da su, ya rage saura tumbi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma na yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma yana jin daɗin sunan. Idan ya zo wucewa ta Ƙofar Na'isa sai ka ji ko'ina ya ɗauka, “Randa! Randa!”, shi kuma yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Zulai ta kwaso jikin ubanta kaf. Tun tana firamare yara suka laƙaba mata 'Yar Randa. Idan za ta zauna a benci sai sauran su miƙe da gudu, wai kada ya karye da su. Wata rana ta dawo daga makaranta ta ture kwanonta, ta ce wa uwarta, Yaya Rabi, ita daga yau ta daina cin abincin rana. Yaya yana zaune a kan tabarma yana ji. Ya tashi ya zura takalmi ya fita. Daga baya na ji cewa wurin darakta ya je, ya roƙa a rage karya kujeru a dawo da rowa. Aka ce masa kujerar ce take sayar da kaset.

Ana cikin haka ciwon suga ya kama shi. Jikin da aka yi shekara arba'in ana tarawa ya zube cikin 'yan watanni, rigunansa suka koma kamar na aro. Masu fim suka dube shi sama da ƙasa, suka ce Randa ba tumbi ai ba Randa ba ne. Wata rana da hantsi ina kan keken ɗinkina sai ga shi ya yi sallama, rungume da manyan matasan kai guda biyu na marigayiya Innarmu, irin na da ɗin nan da ake cusa wa audugar rimi.

“Binta, tashi ki auna ni.”

“Riga za a ɗinka, Yaya?”

“Tumbi za ki ɗinka min. Nawa ya gudu bai yi min sallama ba, mutanen nan kuma sun ce sai da shi.”

Muka yi ta dariya ni da shi, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Tun da babu abin aunawa a jikinsa, tsohon wandonsa na shimfiɗa na auna ƙugun. Na yanka akoko na ɗinka shi kamar singileti mai ruɓi biyu, na farke matasan Inna na cusa audugar a tsakani, na bi da ɗinki layi-layi don kada ta taru a gefe guda. Da ya saka ya ɗora babbar riga, wallahi sai ga Yayana na da tsaye a gabana. Ya shafa cikin ya ce masa, “Sannu da dawowa.”

Fim biyu ya yi da shi ya ce ya daina. Na yi mamaki ƙwarai, domin da wasan yake ciyar da gidansa. Da na matsa masa da tambaya, ya ba ni amsar da har yau nake juyawa a raina.

“Binta, kin san abin da ya sa wasan taubasai yake da daɗi? Wanda kake tsokana yana gabanka, kuma yana da bakin ramawa. Lokacin da naman nan nawa ne, ni ake yi wa dariya, ina wurin, in na ga dama in rama. Yanzu fa? Ana gama ɗauka sai in cire in rataye a ƙusa in sha iska. Wanda nake kwaikwayo ba shi da ƙusar da zai rataye nasa. Yana gida yana kallo, wataƙila ma a gidana yake. Wannan ba wasa ba ne, gulma ce.”

Ya bar min tumbin, ya koma zaman shagon turare na gidanmu. Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan.

Waɗanda suka yi wayo a wancan lokaci sun san abin da ramewa take nufi a bakin mutane, balle a ce ɗan fim ne ya rame. Ba mai tsayawa ya saurari zancen ciwon suga, cuta ɗaya kawai ake raɗawa, ƙanjamau. Yau mun waye, mun san ko mai ɗauke da ita ɗin ba abin gudu ba ne, amma a lokacin tsoro ya rufe wa mutane ido. Wanzamin da ya daɗe yana yi masa aski ya ware masa aska daban. A masallaci sai a bar 'yar tazara a gefensa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne alkakin Yaya Rabi. Matan da suke rububin sari idan za su yi biki suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai ta soya kwano guda ya wuni ya kwana ba a taɓa ba. Daga nan aka fara hana yara wasa da Zulai.

Sai ga shi ya dawo gidana. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

“Ba ni kayana,” in ji shi. “Amma ki kwashe rabin audugar. Kya riƙa ƙara min kaɗan-kaɗan, kada a ce na kumbura dare ɗaya.”

Haka muka yi. Ni ce na riƙa yi wa Yayana kiwo da allura da zare. Ya tsayar da gemu ya rufe kumatun da suka faɗa, ya daina fita sai da babbar riga. Kafin wani lokaci unguwa ta ɗauka, alhamdulillahi Randa ya murmure, ashe shawara ce ta kama shi. Masu sarin alkaki suka dawo kamar ba su ba, wanzami ya mayar da askar cikin 'yan'uwanta, yara suka koma bin sa suna kiran Randa. Ya ce min gara a yi masa dariya a fili da a riƙa raɗa da iyalinsa a ɓoye.

Shekara uku ya yi a cikin wannan abu. Ku tuna zafin Kano na bazara, lokacin da ko singileti mutum ji yake kamar ya yage. Da tumbin yake zuwa Juma'a, da shi yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake takawa daga Madabo zuwa shago ya dawo. Ƙuraje suka feso masa ciki da baya. Idan ya jiƙe da gumi Yaya Rabi a uwar ɗaka take shanya shi, ta ja labule, don ko Zulai kada ta gani. Daga ni sai ita sai maigidana Malam Ado muka sani, kuma ya roƙe mu mu rufa masa asiri.

Da ciwon ya tashi kwantar da shi bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Malam Ado ne ya yi masa wanka da sutura, ya lulluɓe makarar, ya fito ya miƙo min tumbin a ƙunshe cikin zani. Da aka zo ɗauka, majiya ƙarfin unguwa aka zaɓo, tun da kowa ya san wanda za a ɗauka. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki ina kallo. Suka gyara tsayuwa, suka yi bisimilla, suka yunƙura da iya ƙarfinsu, sai makarar ta yi sama fit, har na gaba ya yi taga-taga. Suka tsaya suna kallon juna. Wani dattijo ya ce, “Allahu akbar! Ayyukan alheri ne suka sauƙaƙa shi.” Aka ɗauki kabbara. Ni da Yaya Rabi muka haɗa ido, ban san lokacin da kuka da dariya suka kufce min tare ba. Har yau kuma ban ce dattijon nan ya yi kuskure ba.

Yaya Rabi ba ta daɗe sosai ba ta bi shi. Zulai ta dawo hannuna, ta tashi tare da ɗana Nazifi, ta gama karatu, ta yi aure, yanzu tana sayar da atamfa da leshi ta waya.

Sau da yawa nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo ya ga yau, me zai ce? Na san abu ɗaya, da ya so wayar nan. Mutumin da ko a zaman makoki sai ya sa an danne dariya, a ba shi kyamara a aljihu? Ai da ba mu huta ba. Amma akwai abin da zai gani ransa ya ɓaci. Kaset ya mutu, Randa bai mutu ba. Wani ya yanko wurin faɗuwar kujera, ɗan guntu da bai fi ƙiftawar ido ba, shi ne yake yawo a shafukan sada zumunta. Wasan kaza da hula ba wanda ya yanko. Kujerar kawai ake so, kuma an samar mata aiki: duk macen da ke da jiki idan ta sa hotonta, sai wani ya liƙa mata faɗuwar Randa a ƙasa. Ga kuma samarin barkwanci na yanzu, yaro siriri kamar tsinken tsire sai ya cusa filo gaba da baya, ya ɗaura zani, wai shi Hajiya, ya yi ta haki yana neman abinci. A shafi guda ana tallar shayin rage tumbi, a na gaba ana tallar ƙwayar ƙiba ta amare. Mu dai ba mu taɓa barin jikin mutum ya huta ba. In ya cika mu yi dariya, in ya zube mu yi raɗa.

Zulai ta sha wannan. A da takan ɗaura atamfar ta yi hoto don masu saye su ga yadda take zama a jiki. Sai baƙin da ba su san ta ba suka fara liƙa mata kujerar, ba su san ubanta suke jefa mata ba. Ta daina, ta koma shimfiɗa atamfar a kan gado ta ɗauka. A hoton dangi kuma kullum tana can baya, kai kawai ake gani.

To, da cikinta ya tsufa, tun da haihuwar fari ce a gida za ta yi wanka, gidan kuwa nawa ne. Na sa Nazifi ya taya ni gyara ɗaki. Shi ma ɗan wasan barkwancin waya ne, shi da abokansa, kuma duk danginmu babu siriri kamarsa, ban san inda ya samo ba. Yana jan akwatin zannuwana murfin ya ɓalle, ƙunshin ya faɗo.

“Umma! Ashe Kawu ciko yake yi?” Ya ɗaga shi sama yana juyawa, ido ya yi ƙwal-ƙwal don murna. “Wallahi mun warke! Za mu dawo da Alhaji Randa, ni zan fito. Sunan Kawu ya sake tashi.”

Ya kawo hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ya ce mutane suna cikin matsi, suna buƙatar dariya. Ya ce ko a tashe yara suna cusa tsumma su yi tumbi ba wanda ya ce laifi ne. Ya ce kayan wasa ne kawai, kamar gemun roba. Na bar shi ya gama, na ce ya saka. Rana tana tsaka na aike shi Ƙofar Na'isa ya sayo min kanwa, na ce a ƙafa zai je. Ya tafi yana rangaji, yara suna bin sa. Ya dawo sharkaf, yana zare abin tun daga zaure.

“Umma, wannan ai gidan wuta ne. Amma fa ya yi aiki, kowa dariya yake. Mai ƙosan bakin titi ce kawai ta ɗauke kai da na gaishe ta.”

Mai ƙosan nan mace ce mai jiki. Na ce masa, “Kai da Zulai taubasai ne. Ka tsokane ta da girkinta, ka tsokane ta da hancinta, har mijinta ba ka bari ba. Ka taɓa tsokanarta da jikinta?”

“Haba Umma. Ai wannan ba wasa ba ne.”

“To ka ji da bakinka. Amma abin ba nawa ba ne balle in hana ka. Gadon Zulai ne, ita za a tambaya, kuma ba yanzu ba.”

Aka haihu lafiya, yaro ɓul-ɓul, duk wadda ta ɗauka sai ta ce masha Allah, wannan ai kakansa ne. Na dage ba ji ba gani, ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, ƙauri, gasasshen nama da yaji, domin a wurinmu maijego idan ta koma ɗakinta ba ta yi ƙiba ba, an ci mutuncin masu kula da ita. Sai na lura kwanukan suna dawowa kamar yadda suka tafi. Kunu ya huce ya yi fata a sama. Nono ya ƙi zuwa yadda ya kamata, yaro yana ta tsala kuka. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira mijinta ya yi nasa, duk a banza. Ana saura 'yan kwanaki suna na zaunar da ita bayan wankan la'asar na ce sai ta faɗa min dalili.

“Gwaggo, ranar suna za a yi hotuna. Kin san abin da za su liƙa min a ƙasa.” Sannan ta ƙara da cewa, “Baba ya yi sunansa ya tafi, ni kuma ya bar min kujera.”

Maganar nan ta soke ni. Shekara goma sha biyar ina riƙe da amanar Yaya, amma ga 'yarsa tana jin haushinsa a kabari, ga jikansa yana kukan yunwa. Na san da yana nan shi da kansa zai ce in kwance ƙunshin. Na tashi na ɗauko na ɗora mata a cinya, na kira Nazifi shi ma ya zauna, na ba su labarin tun daga matasan Inna har zuwa makara. Ban rage komai ba.

Zulai ta daɗe tana kallon akokon, wanda gumi ya rina ya yi taswira-taswira. Ta kai shi hanci. Har yanzu da sauran ƙanshin turaren shagonmu a jikinsa.

“Saboda alkakin Mama?”

“Saboda alkakinta, da kuma ke, a bar ki ki yi wasa da yara.”

Ta kifa fuskarta a kai ta yi kuka mai isarta, na ƙyale ta. Nazifi kansa a ƙasa, da ya ɗago cewa ya yi shi ya janye maganarsa. Can Zulai ta share ido ta ce a miƙo mata almakashi. Na ɗauka yayyaga shi za ta yi don haushi. Ashe a'a. A hankali ta riƙa bin ɗinkina tana farkewa layi bayan layi, audugar Inna tana fitowa tana tashi a ɗakin.

“Gwaggo, kekenki yana aiki? Ki ɗinka wa Abba 'yar katifa da ita.” Abba take ce wa yaron, tun da ba za ta kama sunan ubanta ba. Sai kuma ta waiwaya ta ce, “Wai ina kunun nan ne? Ko ya huce?”

Ni da nake fama da ciwon gwiwa, wallahi ban san lokacin da na isa madafa ba. Na dama sabo, ta shanye, ta ce a ƙaro, ta kuma tambayi ƙaurin. Na fito tsakar gida na rangaɗa guɗar da tun ranar aurenta ban yi irinta ba, har maƙwabta suka shigo suna tambayar ko an sake haihuwa ne. Kafin ranar suna nono ya wadata, yaro ya koma barcinsa. Mun tsince audugar mun kaɗe ta, na yi mata sabuwar riga da atamfar da Zulai ta zaɓa daga cikin hajarta.

Ranar suna kuwa Zulai a gaba ta tsaya, ta sha ɗaurinta, ɗanta a hannu, ta cika hoton masha Allah. Da kanta ta sa shi a shafinta. Ba a jima ba wani ya liƙa kujerar, domin masu wannan hali ba su je ko'ina ba, kuma ba na ce labarina zai shiryar da su. Amma wannan karon ta amsa. Ta rubuta masa, “Wannan ubana ne. Kujerar kuma kafinta ne ya yanke ta da zarto.” Ta karanta mana da ƙarfi, mata suka sa shewa. Na ce a raina, Yaya, ga ta nan a wurin, kuma ta rama. Da yamma ta ce min, “Gwaggo, asirin nan ya rufu ya isa. Ki rubuta.”

Nazifi bai haƙura da Randa ba, sai dai ya ce zai dawo da shi ne da rowarsa, a jikinsa na tsinken tsire, ba tumbi ba kujera. Ya nuna min gwaji, na ce masa da sauransa, Kawunsa ya fi shi iya kife kwano. Ya ce zai sake. Ga sauran samarin da suke cusa filo kuma ba ni da wa'azi, ni tela ce, kuma na faɗa muku ni ma na yi dariyar. Tambayar Yaya kawai zan bar musu: wanda kuke kwaikwayo, yana da ƙusar da zai rataye nasa idan an gama?

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, kaset ɗin sun lalace, shagon turaren ya koma hannun wasu, guntun faɗuwar nan kuma wata rana za a gaji da shi a samo wani. Abin da ya rage shi ne 'yar da ta koma gaban hoto, da ɗan'uwanta da yake koyon ba da dariya ba tare da ya taɓa jikin kowa ba, da wannan ƙaton jariri da nake kira Yaya Ƙarami. Ina kewar Yayana, kewa mai tsanani, amma bana ce shekarar farko da na tuna shi ba nauyi a ƙirjina. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Yaya Rabi da Innarmu, ya raya takwaransa.

Jiya da safe Yaya Ƙarami ya tsula wa katifar fitsari, ya jiƙa ta jagab. Na ɗauke ta ina yi masa tsiya, kuma don sabo har na nufi uwar ɗaka da ita zan ja labule. Zulai ta ce, “Gwaggo, ina za ki kai ta? Ai a rana ake shanya.” Tana can yanzu a kan igiya a tsakar gida, duk wanda ya shigo barka sai ya sunkuya ta ƙarƙashinta zai wuce.